Shekara Biyu Yana Gaisuwa, Bai Faɗi Buƙatarsa Ba

Wata rana wani bawan Allah ya shigo shagona a Zariya, inda nake buga wa mutane takardu. Ma'aikacin jinya ne, mai natsuwa, irin mutanen da ko tari za su yi sai sun nemi izini.

Takardun neman aiki ya kawo. Wani asibitin ido a Kanada ne ke ɗaukar ma'aikata, har da biza, amma sai wani likitansu ya tsaya maka.

Na ce, to kana da kowa a can?

Ya ce sosai ma. Shekara uku ya yi yana aikin sa kai da wata tawagar likitoci da ke zagaya ƙauyuka suna yi wa mutane aikin ido kyauta. Shugabarsu Baturiya ce, kuma a wannan asibitin na Kanada take aiki. Ranar da za ta koma, da hannunta ta ba shi lambarta, ta ce in yana buƙatar wani abu ya yi magana.

Ya miƙo mini wayar in gani.

Jama'a, shekara biyu cur. Duk Litinin: ya aiki, ya iyali, ya sanyi. Ita kuma ta amsa da fara'a.

Na yi sama na yi ƙasa a hirar nan, ko sau ɗaya bai ce yana neman aiki ba.

Wai nauyi yake ji. Babba ce, ba ya so ta ga kamar don wani abu yake gaishe ta. Jira yake ta tambaye shi da kanta.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce malam, kira ta yanzu, a gabana. Sai da ya goge gumi sau biyu kafin ya danna, ya buɗe murya ina ji.

Bayan doguwar gaisuwa, da ƙyar ya fito da maganar.

Ta ce, "Gurbi biyu aka ba ni, na bayar da sunaye watan jiya. Kai na fara tunawa, amma kullum ce mini kake komai lafiya. Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ai ina gaishe ki."

Ta ce, "Ni ma ai ina amsawa."

Ɗaya daga cikin waɗanda ta zaɓa wata shida kawai ya yi a tawagar. Wannan bawan Allah ne ma ya koya masa aikin. Shi wancan ɗin dai ya buɗe baki ya tambaye ta.

Na miƙa masa takardunsa, ya ce in bar su kawai.

Har yau abin yana cina.

Darasi: A gidanmu, in ka yawaita gaida babba ya san da magana a bakinka. A waje ba haka ba ne. Ka yi gaisuwarka, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka, da sunan aikin da ranar rufewa. In an ce a'a, ba ka mutu ba.

Ka san wani mai irin wannan kunyar? Tura masa kafin Litinin ta zagayo.