Indo 'Yar Mahauta, Wadda Ba Mu Zaɓa Ba

Indo 'yar ƙauyenmu ce, yamma da Bici. Mahaifinta Isyaku shi yake yanka ranar kasuwa, kuma a wancan zamanin ko a gidan biki can gefe ake shimfiɗa wa matan mahauta tabarma. Ba ta yi boko ba. Abin da ta sani a gidan Malam Tasi'u ta same shi, inda take yi wa matarsa daka. Tana bakin turmi tana jin karatun rabon gado da yake biya wa manya a zaure, har ya zauna mata.

A farin shekarar tamanin da huɗu gero ya ƙone a tsaye, maza suka watse cirani, wasu can suka mutu. Sai dangin miji suka fara karɓe gonakin matan da aka bari. Indo ta riƙa bi gida-gida da hantsi tana gaya mana cewa matar mamaci tana da kasonta, 'ya mace ma tana da nata a gonar ubanta, kuma ba alfarma ba ce. Har unguwar Maguzawa take shiga, inda babu mai takawa a cikinmu, ta raka matansu wurin dagaci idan an ci musu iyaka.

Ni kaina, da mijina ya rasu wansa ya sa garma a gonarmu, ita ta ja ni har ƙofar dagaci. A nan ta tsaya ta ce, "Rukayya, ke za ki faɗa da bakinki. In ni na faɗa, cewa za a yi zugar 'yar mahauta ce." Na yi magana, aka bar mini gonar.

Da labari ya zo cewa matan da suka kafa ƙungiya za su iya samun filin noman rani a madatsar ruwan Watari, Indo ce ta tara mu, mu arba'in da wani abu, har da Maguzawan. Ranar zaɓen shugaba sai Hajiya Sauda, matar wani mai fataucin shanu, ta ce a duba dai, wane ofis ne zai saurari 'yar mahauta. Aka ce a ɗaga hannu. Maguzawan da Mairo maƙwabciyar Indo suka ɗaga mata. Ni na dubi hannuwan matan unguwarmu, na sunkuyar da kai, na ɗaga wa Hajiya. Indo ta gan ni. Ta taya aka naɗe tabarmi.

Hajiya ta fara da cire sunayen Maguzawa, wai mun yi yawa. Filin da ya fito, da sunan mazaje aka rubuta shi. Kafin damina biyu ƙungiyar ta watse.

Indo ta koma unguwar Bacirawa a birni, wurin 'yarta Huseina, tana dafa ganda tana sayarwa. Duk kaka sai in ce bana zan je in nemi gafararta, har shekara goma sha ɗaya. Ranar da na je, kwananta takwas da rasuwa. Huseina ta kawo mini ruwa, ta ce Inna takan ambace ni, takan tambaya ko har yanzu ina noma gonar. Na yi gaisuwa, na kasa faɗin abin da ya kawo ni, na hau mota na dawo gida.