Binciken da aka yi a ɗakin awo

Da safen nan wankin kayan mijina Sani nake yi a tsakar gida. Direban motar siminti ne, tun jiya ya yi lodi a Malbaza ya nufi Tawa. Surukata Inna tana damun hura a ƙofar ɗakinta. Cikina wata huɗu.

Hantsi bai gama ɗagawa ba muka ji tsayuwar mota, sai ƙarar takalma a zaure. 'Yan sanda ne, ba sallama.

"Kowa ya tsaya inda yake!"

Suka ce an tsegunta musu Sani yana shigo da ƙwaya daga tsallaken iyaka. Suka farke katifa, suka zazzage buhun gero a ƙasa, suka fasa akwatina. Ba su sami komai ba. Babbansu ya dube ni sama da ƙasa, ya ce matan direbobi a jikinsu suke ɓoyewa. Inna ta riƙe hannuna. Ɗaya ya hankaɗe ta, ta faɗi kan ƙwaryar.

Suka fitar da ni. Salati na yi ta yi a bayan motarsu. Da na ga sun tsaya a ƙaramin asibitin garinmu, sai hankalina ya ɗan kwanta. Nan nake zuwa awo. Madam Rabi, ungozomar wurin, ita ta fara shaida mini ina da ciki. Ta san ɓari biyu na yi kafin wannan, ita ta hana ni daka da ɗaukar ruwa. Na ce a raina na sami mai tsaya mini.

Babban ya yi mata magana da Faransanci. Sai ta ja durowa ta ɗauko safar hannu.

Na ce, "Madam, ni ce fa, Hajo. Kin san abin da ke jikina."

Ba ta ɗago ido ba. Ta ce, "Hau gado. Ki yi hanƙuri, aiki aka sa ni."

Na ce ban yarda ba. 'Yan sanda biyu suka danne ni, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a gwiwa. Ƙofa a buɗe take, matan da suka zo awo suna kan benci, suna jin kukana. Na san hannunta na awo, a hankali take yi, tana jan mutum da hira. Wannan ba shi ba ne. Da ta gama ta ce babu komai. Babban ya ce ta duba ta baya. Ta duba.

Ana kiran azahar suka sauke ni a bakin hanya, ba takalmi. Suka ce ranar da Sani ya dawo za su komo, kuma za a sake bincike na.

Da la'asar jini ya fara. Inna ta ce mu koma asibiti. Na ce mata gara in mutu a hanya. Ta ƙulle mana kaya a zane, ta aika wa Sani ta bakin wani direba cewa kada ya sauka a gida. Muka shiga motar da za ta Illela, inda yayata take aure.

Hanyar duk ramuka. Kowane rami sai na ji shi a mara. Gab da magariba na ce wa direba ya tsaya. Wani ƙauye ne da har yau ban san sunansa ba. Matan cikin motar suka kewaye ni da zannuwansu a gindin bishiya. Wata tsohuwa ta fito da ruwan ɗumi. A nan cikin ya zube.

Sani ya same mu a Illela bayan mako. Ba wanda ya taɓa kama shi, ba wanda ya kai shi gaban alƙali. Ya bar aikin simintin, gidan kuma ba mu sake kwana a cikinsa ba. Daga baya wata maƙwabciyarmu ta can garinmu ta ce Madam Rabi tana gaishe ni, tana tambayar jikina.

Inna ce ta ga abin da na ɓarar kafin a binne. Sai da aka shekara ta gaya mini namiji ne. Ban sake samun ciki ba.