Makon da Malamar Laburare Ta Manta Ba Ta Yi Ƙarya Ba

Kafin mai gadi ya gama share bakin ƙofar makaranta, ita ta riga ta buɗe tagogin laburare. Ɗaki ne madaidaici a ƙarshen baranda, dab da famfo, wanda rabin kujerunsa sai an tokare su da bulo. Takan bi kantoci da tsumma. Littafin da bangonsa ya ɓalle ta shafa masa gam, ta ɗora masa ƙamus ya danne shi. Ta kunna tsohuwar kwamfutar nan da sai ta yi nishi kafin ta farka. In kuma Litinin ce, sai ta ɗauki alli ta tsaya gaban allo, ta shirya wa yara ƙarya.

Ƙarya na ce, kuma ban yi tuntuɓen alƙalami ba. Tun kafin in fara koyarwa a makarantar haka take yi. Takan ɗebo 'yan jumloli daga littattafan da yaran ke karantawa a sauran darussa, na tarihi da na lissafi da na kimiyya, ta jera su a allo, amma ta murɗe guda ɗaya da gangan. Aikin yara shi ne su gano wacce ce gurguwar kafin mako ya ƙare. Kuma ba a zuwar mata da "ina ganin". Sai ka faɗi inda ka samo, wa ya rubuta, yaushe, shi kuma ina ya samo. Tana da doka guda da ko ɗan ajin farko ya haddace: mutum biyu da suka ji zance daga baki ɗaya, shaida ɗaya ne.

Wani tela, uban ɗaya daga cikin ɗalibanta, ya taɓa kawo ƙara yana dariya. Wai ya karanta wa iyalinsa wani saƙon magani da aka turo masa a waya, autarsa ta tambaye shi sunan likitan da ya faɗa. Ya duba sama ya duba ƙasa, babu suna. Tun ranar, in ji shi, sai ya leƙa ya ga ba ta kusa kafin ya buɗe waya. Mijin Malama kuwa cewa yake gidansu ne kaɗai a unguwa tsegumi ke shiga da ƙafarsa ya fito a kan gadon marasa lafiya.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun mayar da aji wurin ɗura. Malami ya zuba, yaro ya haɗiye, ranar jarrabawa ya amayar, a tafa masa. Sannan mu saki yaron nan cikin duniyar da kowane mai waya ya zama gidan rediyo, muna mamakin yadda "an ce" ya fi kowane malami yawan ɗalibai. Mace ɗaya ce a makarantarmu ta ƙi wannan ɗura, kuma darasinta aka fara nuna wa yatsa da aka zo neman abin yankewa.

Jarrabawar ƙarshe ta matso, shugaban makaranta yana neman ƙarin lokacin bita, darasin laburare kuwa ba ya fitowa a jarrabawa. Malamin kimiyya ne ya fi kowa zafi a kan maganar. Mutum ne mai ƙwazo, ba na ɗauke masa wannan, amma a ganinsa ɓata lokaci ne, kuma yana sa yara tsaurin ido. Aka tsayar cewa a taron malamai mai zuwa za a cire darasin daga jadawali. Malama ta sani. Ta kusa ritaya, ba albashinta za a taɓa ba. Abin da ke cin ranta shi ne daga ita sai a rufe ƙofar, allon ya koma wurin manna sanarwa.

Ana cikin haka, wata Litinin tana tsaka da rubutu a allo, aka kira ta cewa 'yarta na naƙuda an wuce da ita asibiti. Ta ƙarasa jumlolin a gurguje, ta bar wa mai gadi makulli, ta fita. Haihuwar ta zo da gardama, ta shafe makon a can. Abin da ba wanda ya sani, har ita kanta, shi ne a cikin ruɗewa ta kwafe jumlolin yadda suke a littattafai. Ba ta murɗe ko ɗaya ba.

'Yan aji uku suka shiga farauta kamar kullum. Suka duba ta tarihi, daidai. Ta lissafi, daidai. Ta kimiyya, wadda ta ce zaƙi a ƙarshen harshe kaɗai ake jin sa, gishiri a gefe, ɗaci a can baya, ita ma ga ta a littafinsu har da zane mai launi. Wasu suka ce to a haƙura. Sai wata yarinya da suke kira Sarkin Musu ta ce atafau, Malama ba ta taɓa barin allo babu ƙarya ba, in ba su gani ba idonsu ne. Wani ya kawo littafin yayansa, ga zanen nan iri ɗaya sak. Ta ce ai wannan shi ne mutum biyu baki ɗaya, wani ne ya kwafi wani. Kuma tunda kowa a ajin da harshensa ya zo makaranta, me zai hana a tambayi harshen?

Ni na same su a baranda lokacin tara, da kofuna, da sukari da gishiri da suka roƙo a kicin, da auduga daga ɗakin shan magani. An ɗaure wa wani ido da ɗankwali, ya zaro harshe, ana ɗiga masa ruwan sukari a gefe. Ya ce zaƙi. Aka ɗiga a baya. Ya ce zaƙi, a ƙara. Aka ce ai shi makwaɗaici ne, ko dutse aka ɗora masa zaƙi zai ce, a sake wani. Aka sake, aka kuma sakewa, amsa ɗaya. Ba su tsaya nan ba. Suka lallaɓa kwamfutar har ta buɗe musu bayanan masana na baya-bayan nan, suka kuma tambayi nas ɗin makaranta. Duk bakin ya zo ɗaya: zanen tsohon kuskure ne da aka daɗe ana gado.

Da Malama ta dawo, suka tare ta da murna, barka da jika a baki ɗaya, mun kama ki a ɗaya bakin. Ta dubi allo, ta ɗauko littafin, ta daɗe tana gwadawa. Sannan ta zauna a hankali.

"'Ya'yana," ta ce, "ni ban sa ƙarya a wannan makon ba. Mantawa na yi."

Sarkin Musu ce ta fara magana, murya ƙasa-ƙasa. "To Malama, wa muka kama ke nan?"

Malama ta aika a roƙi malamin kimiyya ya zo. Ya shigo fuska a murtuke, ya saurara, ya ce shi shekara da shekaru yana koyar da zanen nan, shi ma haka aka koya masa. Malama ba ta ja da shi ba, ta dai tura masa kofi da auduga. Ya dubi yaran, ya dubi kofin. Ga mamakin kowa ya cire tabarau, ya ce a ɗaure masa idon shi ma, kada a ce ya yi maguɗi. Da ruwan sukarin ya sauka a gefen harshensa, sai ya ce, "Yaya, yaran nan naki sun tsinka ni a gaban harshena." Shi ya fara dariya kafin kowa.

A taron malamai shugaba ya kawo damuwarsa, kuma damuwa ce ta gaske: in tambayar ta fito a jarrabawa, me yara za su rubuta? Malamin kimiyya ya miƙe. Ya ce zai koya musu abin da littafi ya ce da abin da bincike ya nuna, kuma shi da kansa zai sanar da masu buga littafin. Game da bita, ya ce bai taɓa ganin yara sun tone littafi kamar yadda suka yi a makon nan ba, ba bulala, ba malami a kansu. In lokaci ake nema, a yanka daga nasa. Darasin ya tsaya a jadawali. Har aka ƙara shi ga ƙananan azuzuwa.

Malama, ke ce rariya, matatar zance. Ke ce kika koya wa yaro cewa tambaya ba rashin kunya ba ce, kuma girmama malami daban, haɗiye kuskurensa daban. Ranar da aikinki ya fi fitowa fili ba kya ma nan, kina can bakin gadon asibiti, yaran da kika rena suna yi ba tare da ke ba. Mun gode. Allah ya raya jika, ya ba ki hutu mai daɗi.

Saura mu. Kada wani malami ya sake ce mini sai an kawo kayan aiki daga sama. Kofi ne da auduga da sukari, da malamar da ba ta tsoron a ce ta yi kuskure. A ƙarshen wannan zango za ta ajiye aiki, kuma mutum biyu ne suka nemi a ba su darasin, ni da malamin kimiyya. Ya riga ni zuwa ofishin shugaba.