Zanen Batir a Shingen Gombi

Michika zuwa Gombi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na shiga motar haya a Michika, kwamfutata a cinya. Ni malamin kimiyya ne. Tun da muka dawo daga gudun hijira, iyaye ba sa barin yara su kai azahar a makaranta. Shi ya sa nake ɗaukar darasi a bidiyo su kalla a gida, da safe mu yi aikin tare a aji. Shafin intanet da nake haɗa bidiyon, in rage masa nauyi, sabis ɗinmu ba ya buɗe shi. Dole sai Jimeta.

Tara da minti goma muka iso shingen sojoji kafin Gombi. Aka sauke mu, hannu sama. Wani soja ya ce in kunna kwamfutar. Bidiyon farko da ya buɗe, hannuna ne kawai yana zana batir da wayoyi da makunni. Fuskarsa ta canza, ya zaci haɗa bam nake koyarwa. Fasinjoji suka ja da baya, aka zaunar da ni a ƙasa, ya kira ogansa. Ogan ya zo ya tambaye ni:

"Wa kake koya wa wannan?"

"'Yan aji uku, ranka ya daɗe."

Direbanmu, wani dattijo, ya ƙi tayar da mota duk da ana yi masa tsawa. Ogan ya ƙara sauti, ya saurari bayanina kan yadda tocila ke kamawa, minti takwas cur. Sannan ya miƙo mini kwamfutar.

"Malam, ka riƙa nuna fuskarka."

Jimeta

Ƙarfe ɗaya muka haye gada. Na sauka a Damilu, gidan Adda Rifkatu, yayar matata. Ta kawo tuwo da miyar kuka, na kasa ci. Washegari ta riƙe mini waya, na sake ɗaukar darussana guda shida a barandarta, ina tsaye gaban allo. Kafin la'asar na haɗa su, na juye a memori.

Komawa

Da gari ya waye na kama hanya. Shinge biyar muka wuce, amma ba wanda ya taɓa jakata. Huɗu saura na shiga gida. Na gode wa Allah, da Adda, da dattijon nan da ban ko tambayi sunansa ba.

Ranar Litinin wata ɗaliba ta tambaye ni me ya sa hannuna ke rawa a sabon bidiyon. Na ce mata allin ne ya yi gajere.