Muryata ce ta kori bawan Allah daga Magama

Edita, ina yi maka sallama, kuma don Allah a sakaya sunana.

Lokacin da abin ya faru ni ɗan kamasho ne a tashar Magama, nan bakin iyakarmu da Nijar, ina haɗa direbobin manyan motoci da lodin hatsi. Ina da baki, wannan kowa ya shaide ni. Da can da tes muke sanar da juna halin hanya, shi kuwa tes sai ka zauna ka rubuta, ka goge, kafin ka gama zuciya ta huce. Da manyan wayoyi suka zo muka buɗe guruf na direbobi a manhajar hira, sai abin ya koma ka danna, ka yi magana, ka saki.

Akwai wani ɗan dako mutumin Maraɗi, magidanci, bai da hayaniya. Kusan kullum sai ya tambaye ni wace mota za ta ƙetare, ƙarfe nawa za ta tashi, wane ne direba. A makon da abin ya faru an tare mana mota biyu a daji, hankalin kowa a tashe. Ranar da ya sake tambaya ina cikin fushi, na juya baya na danna waya, na ce wa 'yan guruf su lura da mutumin nan, tambayarsa ta yi yawa. Wallahi iyakar abin da na faɗa ke nan.

Kafin la'asar wani ya ɗauki hotonsa da buhu a ka, ya liƙa ƙarƙashin muryata, ya rubuta wai shi ke kai wa 'yan bindiga labari. Daga guruf ɗinmu ya faɗa na 'yan acaɓa, na 'yan kasuwa, har na matan aure. Haba jama'a! Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar maku kaya, a rasa mai takawa ya tambaye shi? Washegari matasa suka rutsa shi bayan rumfar mai shayi, suka karya masa hannu. Da ƙyar limamin tasha ya ƙwace shi, aka tsallaka da shi gida.

Sai daga baya wani direba ya same ni, ransa a ɓace. Ya ce matar mutumin ce ke fama da ciwon suga a ƙauyensu, allurarta kuma ba ta son zafi, shi ya sa yake neman motar da za ta tashi da sanyin safiya da direban da ya yarda da shi, ya ba shi maganin cikin 'yar kula mai ƙanƙara. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa a guruf, ya ce yana Maraɗi, bai da data. To sauran direbobin da suka sha kai maganin fa? Sun ji, sun gani, suka yi gum don kar a haɗa da su. Tir da wannan shirun, kuma tir da bakina.

Na yi sabon saƙo, na rantse, na wanke shi tas, na roƙi a tura ko'ina. Masu gaggawar jiya duk yatsunsu suka mutu. Na bi shi har ƙauyensu neman gafara. Ya ce ya yafe, amma hannun ba ya ɗaga buhu, kuma ya gama da Magama. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ina gargaɗin duk mai riƙe da waya: zargin da ba za ka iya faɗa wa mutum ido da ido ba, kar ka faɗa wa guruf. Kai mai turawa kuma, kar ka ce ai ba kai ka faɗa ba, da kai aka karya hannun nan. Kuma kar wanda ya ɗauka abin yana wucewa. Watan jiya ƙanwata da ke aure a Mazanya ta turo mani saƙo, ta ce Yaya ka saurara, ka yi hattara da wani mugu a tasharku. Na danna, sai na ji muryata.