Malam Abarshi da Agogon Baturen Daji

Da hantsi Malam Abarshi kan shimfiɗa farin ƙyalle a kan ɗan teburinsa a kasuwar Birnin Gwari, ya jera hantsaki da ƙananan sukurdirebobi, ya maƙala gilashi a idon dama. Shekara goma sha biyu ke nan yana gyaran agogo, tun dawowarsa daga yaƙin Bama inda ya koyo sana'ar. Bana, 1958, ya ce ido ya gaji, zai naɗe ƙyallen.

Mu mutanen nan, in za mu sayi agogo, kara shi muke a kunne, mu karanta sunan da ke fuskar, shi ke nan. Shi kuwa sai ya buɗe murfin baya. Sau nawa ya ce da ni, "Malam, fuskar nan daban, injin daban, haɗe-haɗe ne." Haushi nake ji, amma ban taɓa kama shi da kuskure ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shari'ar Jaji, kukun wani Bature mai auna daji wajen Kakangi. Agogon Baturen ya tsaya, Baturen ya buɗe shi, ya ga sunan da ke jikin injin ba shi ne na fuskar ba. Nan take ya ce Jaji ya kai kasuwa an musanya kayan cikin. Aka gurfanar da Jaji gaban alkali, gidan yari na jiransa, matarsa Ladi na kuka a bakin zaure. Ina wurin aka kira Malam Abarshi.

Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Alkali ya ce, "Me ka gani?"

"Allah gafarta Malam, gaskiyar Bature ne. Wannan inji ba na agogon nan ba ne."

Wani a bayana ya ce, "Haba Abarshi, ɗan garinku!" Ko waiwayowa bai yi ba. Ya juya murfin, ya miƙa wa Baturen gilashinsa. "Ranka ya daɗe, duba nan. Mu masu gyara, in mun taɓa agogo, mukan zana shekara da tsinin allura a cikin murfi. Wanda ya sa injin nan ya zana 1946. Ga sukurorin kuma, tsatsa ta haɗe su, ba a kwance su ba tun lokacin."

Jaji dai bara ya kama aiki wurin Baturen. Baturen ya duba, sannan ya ce a kantin tsofaffin kaya ya sayi agogon kafin ya hau jirgi ya taho ƙasar nan. Alkali ya sallami Jaji.

Daga baya na tambaye shi, da bai tarar da zanen ba fa? Ya ce, "Da na faɗi abin da na gani, in koma gida in yi kuka."

Kai ne, Malam Abarshi, ka ƙi yin ƙarya don ceton naka, ka kuma ƙi tsayawa a rabin gaskiya. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idon nan lafiya. Ku kuma masu sana'a, in an kira ku shaida, ku gama dubawa kafin ku buɗe baki. Da ya tsaya a kallon farko, da yau Ladi gidan yari take kai tuwo.