Tukunyar da Muka Tono a Ragar Gabas

Abubuwa da yawa sun same ni a harkar ƙwallo waɗanda tuni iska ta kwashe, amma ranar da muka tono tukunya a bakin ragar gabas, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ja, gemuna ya soma furfura, amma duk sanda na ji wani yana sharhin wasa da ƙarfin murya, sai in tuna da kaina a wancan lokaci.

Ni mahauci ne. A Abattoir, unguwar mayanka, na tashi, a nan nake sana'a har gobe. Bayan wuƙa da nama, babu abin da na sani kamar ƙungiyar ƙwallon garinmu. Tun ina saurayi ban taɓa fashin wasan gida ba, kuma wuri ɗaya nake zama kullum, a kan siminti, gefen talakawa. Ba yabon kai ba, ina da ido. In ɗan wasa ya taɓa ƙwallo sau uku na san ko zai kai labari. Shi ya sa 'yan majalisarmu suka laƙaba mini Farfesa, da farko don tsokana, daga baya sunan ya bi ni har cikin ƙungiyar magoya baya.

A wannan shekarar da nake ba ku labari, an kai tsakiyar gasa muna can ƙasan teburi, saura ƙiris mu faɗa rukunin ƙasa. An kawo sabon koci, shi kuma ya kwaso 'yan wasa daga jihohi daban-daban, tsohon kyaftin ɗinmu ya yi ritaya, aka ɗaura wa wani baƙo ƙyallen kyaftin. Filin da a da baƙi ke shigowa gabansu na faɗuwa ya zama wurin da kowa ke zuwa ya ɗebi rabonsa ya tafi. Har 'yan kwalta, masu goyon bayan ƙungiyoyin Turai, suka samu bakin yi mana dariya.

Da aka tafi hutun tsakiyar gasa, ciyaman ɗin magoya baya, wani direban babbar mota mai faɗin ƙirji da saurin fushi, ya kira taro a wani shagon ɗinki a Kwararafa. Aka ce Farfesa ya tashi ya faɗa mana ciwonmu. Na miƙe na gyara hula, na zuba. Na ce 'yan bayanmu ba su da gudu, in an wuce su sai dai su bi da addu'a. Na ce 'yan tsakiyarmu biyu wasa iri ɗaya suke yi, kowa jiran ɗan'uwansa yake ya koma baya. Na ce ɗan gabanmu ya yi ƙiba, kuma ni da nake auna nama kullum ba sai an ɗora mini shi a sikeli ba. Aka fashe da dariya, ana ta tafi. Duk wannan gaskiya ne, har yau ban janye ko ɗaya ba.

Da ma a nan na tsaya. Amma tafi yana da daɗi, sai na ƙara da abin da na daɗe ina lura da shi. Na ce su duba da kyau: duk ƙwallayen da aka ci mu a gida, in ka cire biyu, a raga ɗaya suka shiga, ragar gabas, kuma duk bayan an dawo daga hutun rabin lokaci. Golanmu kafin hutu damisa ne, bayan hutu sai ka gan shi yana lalube kamar an rufe masa ido. Sai na rufe da wasa, na ce, "Kai ka ce wani abu aka binne mana a wurin."

Ba wanda ya yi dariya. Ciyaman ya dube ni, ya dubi jama'a, ya ce, "Farfesa, ka gama magana." Magana zarar bunu ce, a lokacin ban san abin da na zaro ba.

Washegari da hantsi ina tsakiyar fiɗa aka aiko wai in zo fili. Ko da na isa, mutum ya fi ashirin a bakin ragar gabas, da diga da shebur. A gefe ga mai kula da filin yana ta roƙonsu. Wani dattijo ne daga unguwar Jos Jarawa, kowa Baba yake ce masa. Shi ke yanke ciyawa, shi ke ban-ruwa, shi ke ja layi da farar ƙasa, tun kafin a haifi wasu daga cikin masu riƙe da digar. Yana cewa, "Ku bari, za ku lalata wuri! Ciyawa nan shekara nawa ina gyara shi!" Ba wanda ya saurare shi.

Ba su yi nisa ba diga ta daki wani abu. Aka sa hannu aka yaye ƙasa, sai ga ƙatuwar tukunyar ƙasa a kife, jikinta duk huda, an kewaye ta da tsakuwa da gawayi. Wurin ya ɗauki salati da ihu. Ciyaman ya ɗaga ta sama ya maka da ƙasa, ta tarwatse. Nan take aka yi kan Baba: matsafi, maci amana, nawa aka ba ka ka sayar da mu? Ba don masu gadi sun ja shi cikin ofis ba, Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare. Kafin azahar manajan ƙungiya ya dakatar da shi, ya ce ranar Alhamis za a zauna a yanke hukunci, kuma kowa ya san hukuncin kora ne. Mutane suna ta dafa kafaɗata, wai Farfesa ya gano bakin zaren.

Sai dai wani abu bai kwanta mini a rai ba. Na tsugunna na ɗauki tsingaro ɗaya na juya shi. Saiwar ciyawa ta ratsa hudojin ta sarƙe, gansakuka ta kama cikinsa. Mahauci ya san sabon yanka, ya san wanda ya kwana. Wannan tukunya ba bana aka binne ta ba, ba bara ba. In kuwa haka ne, har shekarar da muka taɓa ɗaukar kofi tana nan a kwance ƙarƙashin ƙafar golanmu.

Ranar Talata na tashi daga kasuwa da wuri, na yanki tsoka mai kyau na ƙunshe, na nufi Jos Jarawa ina tambayar gidansa. Na same shi zaune a ƙofar ɗaki, matarsa tana tsince acca a gefe. Ta gane ni, ta tashi ta shige ciki ba ta amsa gaisuwata ba. Ban ga laifinta ba. Tun ranar, in ji shi, ko coci ba ta iya zuwa ba saboda nunin da ake mata.

Na durƙusa na ce, "Baba, bakina ne ya jawo maka wannan. Gaya mini, tukunyar ta mece ce?"

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Babana aikin kuza ya yi. A rami haka suna yi, in ruwa ya dame su. Bakin raga nan kwari ne, da damina ruwa yana kwana, gola yana tsayawa cikin taɓo. Ni da babana mun sa tukunya nan, shekara na farko da na kama aiki. Shi ne yana shanye ruwa." Ya ƙara da cewa, "Shi ne aiki na ƙarshe da mun yi tare."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Amma taurin kan mai sharhi bai bar ni ba, na ce, "To Baba, me ya sa a ragar nan kaɗai ake cin mu?"

Abin mamaki, sai ya yi murmushi. Ya ce, "Kai Farfesa, shekara nawa kana kallo daga gefe? Ka taɓa tsayawa cikin raga? Gobe ƙarfe biyar da kwata ka je ka tsaya. Ka duba gaba."

Na je. Mai gadi ya san ni, ya buɗe mini. Na tsallake ramin da muka haƙa, na tsaya tsakanin turaku biyu, na ɗaga kai. Wallahi sai da na kare fuskata da hannu. Rana ta sauko daidai giɓin da ke tsakanin rufin rumfar manya da dutsen da ke bayan fili, ta zubo kai tsaye cikin idona. Da'irar tsakiyar fili ma ban iya gani ba, balle ƙwallon da za a ɗago sama. Shekara ashirin ina zama a gefe, rana tana dukan kunnena, ban taɓa sanin abin da gola ke fama da shi ba.

Daga nan na zarce wurin Baba, ya ƙarasa mini. Ashe duk kyaftin ɗin da aka yi a ƙungiyar nan, shi ke jansa gefe ya gaya masa: in an jefa kwabo ka samu zaɓi, ku fara tsare ragar gabas tun rana na sama, in an juya sai baƙi su sha ta. Kyaftin ya gaya wa kyaftin, har abin ya zama al'ada ba wanda ya rubuta. Sabon kuwa, da Baba ya tare shi, sai ya ce, "Baba, je ka yi ban-ruwanka." Shi ragar yamma yake zaɓa kullum, don ta fi kusa da rumfar manya, a fara wasa ana ganinsa.

Ranar Alhamis an sa zaman ƙarfe huɗu a ofishin manaja. Na shiga da ƙwallo a hammata. Ciyaman ya yi ta kumfar baki, ana ta gyaɗa kai, Baba na zaune a kujerar ƙarshe da hularsa a gwiwa. Ni kuwa ina ta duba agogo, ina jan magana da tambayoyi, har biyar ta gota. Sannan na miƙe na ce, "Oga manaja, ni na fara maganar nan, a bar ni in ƙarasa ta. Amma ba a ɗaki ba, a fili."

Ban yi wani dogon bayani ba, gani ya kori ji. Na ce ciyaman ya shiga ragar gabas. Ya ce shi za a mayar abin wasa? Na ce, "Ciyaman, kai da kake cewa da kai ne gola ko ƙuda ba zai wuce ba? Ga raga." Jama'a suka yi masa caa, dole ya tuɓe babbar riga ya shiga. Na ja baya kaɗan, na ɗaga ƙwallon da hannu, a hankali, irin wanda ko tsohuwa za ta cafe. Ya buɗe hannuwa yana ƙifta ido, ƙwallo ta sauka a goshinsa, hula ta yi gefe, ita kuma ta gangara cikin raga. Ya ce a sake. Na sake, ta wuce ta saman kafaɗarsa bai ma motsa ba. Sai na ce, "To ga shi babu tukunya, kai ka fasa ta da hannunka. Wa ya yi maka asiri?"

Manaja ya shiga ya gwada, koci ma ya shiga. Sabon kyaftin, da shi ma ya zo zaman, yana tsaye, na ga ya sunkuyar da kai. Na ɗaga tsingaron nan na nuna musu saiwar da ta ratsa shi, na faɗi abin da tukunyar take yi da wanda ya binne ta. Na ce mutumin da muka kira maci amana shi kaɗai ne yake riƙe da sirrin filin nan, mu ne ba mu tambaye shi ba. Ciyaman, duk da zafin kansa, namiji ne. Ya je gaban Baba ya cire hular da ya tsinto, ya ce, "Baba, mun zalunce ka. Ka yafe mana." A nan tsaye manaja ya ce ya koma bakin aikinsa.

Kada ku ɗauka daga ranar muka zama zakaru. 'Yan baya ba su ƙara gudu ba, ɗan gaba bai rame ba. Amma wasan gida na farko bayan hutu, na ga kyaftin ya nuna ragar gabas da yatsa, kuma saura minti kaɗan a tashi golan baƙi ya yi ta laluben wata ƙwallo a sama har ta faɗa bayansa. Da irin waɗannan muka lallaɓa, muka tsira da ƙyar a ƙarshen gasa.

Kafin damina ta faɗi, na sayo sabuwar tukunya, na ɗauko tsakuwa da gawayi a baro, muka sake tone wurin, muka durƙusa ni da Baba a bakin ramin. Shi ya huda ta, shi ya kife ta, ni ina miƙo masa tsakuwa. Da muka mayar da ƙasa na ce, "Baba, ga shi ta koma kamar da." Ya daddale wurin da tafin hannu, bai dube ni ba, ya ce, "Zai sha ruwa. Amma ba na babana ba ne."

Aikinsa ya dawo, sunansa ya wanku, amma abin da wasan bakina ya fasa ya fasu ke nan. Ina nan ina sharhi, kuma ina faɗin abin da na gani ba tsoro, don ido dai Allah ya ba ni. Sai dai na koyi cewa ganin inda ciwo yake daban, sanin abin da ya kawo shi daban. Kafin ka ɗora wa mutum laifi daga inda kake zaune, sauka ka tsaya inda yake tsaye, ka tambayi wanda ya riga ka zuwa wurin. Mu mahauta mun fi kowa sanin kaifin wuƙa, amma sai a ragar gabas na yarda cewa baki shi ke yanka wuya.